Kwamfutar da Ta Ɗauki Sunan Mahaifiyarku

Ba don Nura ya ɗora hoton kwamfutar nan a waya ba, da na tsallake labarin shekarar da aka yi ta kamar yadda na saba tsallake shi duk lokacin da kuka tambaye ni. Amma ya ɗora, har ya rubuta a ƙasa da Larabci wai mahaifinsa ne ya ƙera wa Hausawa kwamfutarsu ta farko, kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe, ya ƙwace ya manna sunansa. Ummi ta tura wa ƙawayenta, Sadiƙu ya ƙara gishiri, yanzu ga wani Bature mai tara tsofaffin kwamfutoci ya ishe mu da tambayar wane kamfani ne wannan da bai taɓa jin labarinsa ba. Tun daga ranar zama ya gagare ni. In zauna a wannan gidan sama da kuka ajiye ni bayan an rushe unguwarmu, in miƙe, in leƙa taga, in dawo, shayi ya huce ban sha ba. To ku ukun nan, Ummi da Sadiƙu da Nura, ku saurara da kyau. Ban ƙera komai ba, kuma kafilina Ammu Siraj, Allah ya jiƙansa, bai ƙwace mini komai ba. Ga yadda aka yi.

A lokacin ina gyaran rediyo da talabijin a shagon Ammu Siraj da ke unguwar Bagdadiyya a Jidda. Shi ne kafilina, da sunansa nake zaune a ƙasar, fasfona kuma yana cikin aljihun teburinsa tare da carbi da maganin ciwon sukari. Tsoho ne mai faɗa da baki, in ya gama zaginka da safe sai ya tura maka rabin burodinsa da wake. Ni ina da iƙama, wato takardar izinin zama, amma an rubuta ni lebura, kuma lebura ba ya ɗora iyali a kan takardarsa. Mahaifiyarku aikin Hajji ta zo ta same ni ta zauna, yadda mata da yawa na unguwarmu Karantina suka zauna. Ummi da Sadiƙu a ɗaki aka haife ku, a hannun unguwarzoma, babu wanda ya rubuta zuwanku a ko'ina. Kai Nura ba ka ma zo ba tukuna. Ita mahaifiyarku gyaɗa da yaji take sayarwa a gefen Bab Makka, ido ɗaya a kan faranti, ɗaya a kan hanya, da ta hango motar askarawa sai ta kife zane a kai ta shige lungu.

A shekarar ne kwamfutocin gida suka cika garin. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba za ku gane yadda mutane suka haukace a kansu ba. Akwati ne faffaɗa mai maɓallai, ka jona shi da talabijin, ka cusa masa kaset mai kauri ta sama, sai wasa ya fito, ko karatun haruffa, ko lissafi. Wadda ta fi tashe tana da suna na Larabci a goshinta, rubutu mai kyau, kuma duk uban da ya shigo shago da wannan sunan yake tambaya. Da suka fara lalacewa, yawanci don an soka mai cin ƙaramar wuta a soket ɗin babbar wuta, gidajen Jidda na lokacin kuwa wuta iri biyu gare su, sai Ammu Siraj ya tura mini su ya ce ai duk waya ce. Na kwance ta farko, na kwance ta biyu, na tsaya ina kallo. Suna ɗaya a waje, ciki kuwa ko kama babu. Wannan tambarin wani kamfanin Japan ne da na sani da kayan kiɗa, waccan na masu firiji da rediyo, wata kuma ban ma san masu ita ba. Ko ramin kusoshinsu bai zo ɗaya ba. Na ɗauki biyu a buɗe na kai gabansa.

"Ammu, wai wa ya yi abin nan? Mai sunan, ko waɗannan na ciki?"

"Esh fik, ya Isiyaku? Na ciki ya ƙera, na waje ya yi oda. Kowa ya ci abincinsa."

"To ai mai saye bai sani ba."

"Mai saye suna yake saye. In ta lalace wajen mai suna zai je, ba Japan ba. Yalla, rufe min su kafin masu su su zo."

Na rufe su, amma maganar ta ƙi barin kaina. A motar haya ina tunaninta, a sahun salla ina tunaninta, Allah ya yafe mini. Ashe mutum zai iya samun abu nasa ba tare da ya mallaki masana'anta ba. Kuskurena, in kuskure ne, shi ne na faɗa a gaban kawunku Ɗanlami, yayan mahaifiyarku. Ba ku san shi ba sai a hoto, kuma hoton bai nuna komai ba, don mutum ne da ba ya tsayawa wuri ɗaya har a ɗauke shi. Ya sayar da agogo, ya sayar da turare, ya taɓa cika ɗakinmu da fitilun da ba sa kamawa. A lokacin yana da tebur a Bab Makka yana sayar wa alhazai tsaraba. Ina rufe baki ya buga cinyarsa.

"Kai, Isiyaku, kana zaune a kan arziki kana gyaran rediyo! Alhazai nawa ne ke tambayata wannan abin don 'ya'yansu? Mu sa a yi mana tamu, da sunanmu, mu buɗe shago a Kano. Ni in sayar, kai ka gyara. Babu mai sayen abin da ba shi da mai gyara."

"Yaya, wa zai ƙera wa irinmu?"

"Wanda ya ƙera wa irinsu. Ka bar min wannan."

Mahaifiyarku tana tsince gyaɗa a bakin ƙofa, sai hannunta ya tsaya. Dole in gaya muku abin da ke cin ta a lokacin. Kakarku Inna tana Malumfashi, ta tsufa, idonta ya fara rufewa. Babu waya a zamanin, kaset ɗin rediyo ake ɗauka a ba alhazai su kawo. Na ƙarshe da ya zo, Inna ta gaida kowa da kowa, har da maƙwabtanmu da ba ta taɓa gani ba, sannan a ƙarshe ta ce, "Ki zo in shafa fuskarki tun ina iya gane ta." Mahaifiyarku ta juya kaset ɗin nan har ya fara jan murya. Wanda ba shi da takarda in ya fita ta tarhil yake fita, gidan da ake tara mutane kafin a mayar da su, kuma ba ya dawowa. Saboda haka tafiyarta tana nufin tafiyarmu gaba ɗaya, ni kuma ban da abin da zan je in yi a gida. Sai ga Ɗanlami ya kawo abin yi. Daga ranar a gidanmu kwamfutar nan ba sana'a ba ce kawai, ita ce hanyar Malumfashi.

Ban yi zaton zai samo kowa ba, sai ga shi ya samo. Wani ɗan siririn mutum daga Taiwan, wakilin wata ƙaramar masana'anta, yana yawo shago-shago da jaka yana zufa. Muka haɗu da shi a wajen mai shayi bayan la'asar. Da guntun Larabcinsa ya nuna mana cewa kwamfutarsu tana cin kaset iri ɗaya da mai tashen, kuma akwai fili a goshinta, duk sunan da ka ba shi zai buga. Zai fara aiko da guda ɗaya samfur mu gani. Ɗanlami ya ce a sa "Alhaji Ɗanlami da 'Yan'uwa", mutumin ya gwada da yatsa ya ce filin ba zai ɗauka ba. Ana cikin wannan ja-in-ja aka aiko cewa 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, sun shigo kasuwa suna kwashe tebura, Ɗanlami ya zura da gudu ya bar takalmi ɗaya. Mutumin ya duba agogo, ya turo mini takarda da biro, ya ce jirginsa gobe ne. Na zauna da biro a hannu, kaina fayau, ba sunan gari, ba sunan tsuntsu, ba komai. Abu ɗaya ne ya zo mini, na rubuta shi da manyan baƙaƙen boko.

Kun san ban taɓa kiran mahaifiyarku da sunanta ba. Haka na ga ubana ya yi da uwata, haka na yi. Kafin a haifi Ummi "ke" nake cewa, bayan an haife ta ta zama Maman Ummi, ita kuma Malam take ce mini har ta koma ga Allah. Ba ƙiyayya ba ce, ku 'yan yanzu da kuke kiran matanku kamar kuna kiran direba, kunya ce, kuma tana da daɗinta. Amma sunan yana nan a bakina kullum kamar goron da ba a tauna ba. Da aka ce in rubuta, shi ya fito.

Samfurin ya ɗauki watanni bai zo ba, kuma watannin nan ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Na kasa zaune na kasa tsaye. In an tashi daga shago sai in ƙi shiga mota, in taka tun daga Bagdadiyya, in ratsa tsohon gari, in ɓulla Bab Makka, in tsaya wajen Ɗanlami ya ƙara hura mini kunne da shagon da zai kama mana a Kano, sannan in gangara Karantina ƙafafuna suna zafi. Na ƙona wa wani mutum talabijin don hankalina yana wani wuri. Mahaifiyarku kuwa ta fara tara tsaraba a ƙarƙashin gado: dabino, zannuwa, kwalli, da wani bargo mai laushi na Inna. Ɗanlami ya ɗauki kaset ya aika Malumfashi cewa bana muna tafe, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Karantina ba ta da akwatin gidan waya, don haka adireshin shagon Ammu Siraj na bayar. Ranar da kwalin ya iso na ɗauke shi a kafaɗa kafin ya dawo daga masallaci, ina ganin na yi wayo. A gida na tarar da Ɗanlami yana jira. Muka yage kwalin a tsakar ɗaki. Fara ce sol, maɓallanta masu ruwan toka, ga sunan nan da jan rubutu a goshi, ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Ɗanlami ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa, sai ya kwanta a tabarma yana dariya har da hawaye. Mahaifiyarku tana karanta Alƙur'ani amma ba ta san boko ba, ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonmu.

"Yaya, lafiya? Me aka rubuta?"

"Ke aka rubuta! Mijinki ya sa a buga sunanki a Taiwan. Gobe ƙartin Kano za su cika shago, wannan ya ce nawa kuke sayar da wance, wancan ya ce tawa wancen ta ƙi kamawa. Kuma shi mai gyaran ba ya iya faɗin sunan abin da yake gyarawa!"

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayin a hankali.

"Malam, sunana za ka kai kasuwa? Sunan da ko kai ba ka faɗa, shi za ka sa a bakin kowane namiji?"

"Samfur ne kawai, Maman Ummi. Ana iya canzawa."

"Da ka tambaye ni."

Kunya ta rufe ni, don gaskiyarta ne, ban yi wannan tunanin ba sam. Kwana biyu tana ba ni abinci ba ta kallona. Amma a rana ta uku na dawo ɗaukar abin da na manta, na same ta durƙushe a gaban kwamfutar, tana goge goshin da bakin mayafinta, tana bin jan rubutun da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na koma da baya ban bari ta gan ni ba.

Wayon da na ce na yi kuwa bai kai ko'ina ba. Mutumin Taiwan ashe shagon Ammu Siraj ya fara shiga kafin ya zo wajenmu, kuma takardar kwalin tana kan teburin Ammu. Ya bar ni na yi mako ina sunkuyar da kai, sannan wata safiya ya ce in ja kujera.

"Na ga kana shirin guduwa, ya waladi. Ban hana ka ba, fasfonka ga shi nan. Amma ni ma zan yi oda a wajen mutumin nan, da sunan gidanmu. Ina son mai gyara da zan ce wa mutane ga shi. In ka tsaya, zan canza maka sana'a a iƙama, daga lebura zuwa ma'aikacin fasaha. Sai matarka da yaranka su hau takardarka. Zan tsaya a kai da kaina, zai ɗauki lokaci, amma zai yiwu."

"Ammu, kwamfutar ai tamu ce."

"Taku? Buɗe ta ka gani ko sunanka na ciki. Halas, je ka yi shawara."

Wannan shi ne ƙwacen da kuke ta yaɗawa a waya. Bai ɗauki tamu ba, tamu guda ɗaya ce kuma tana ƙarƙashin gadonmu. Mutumin Taiwan zai buga wa Ammu, zai buga wa Ɗanlami, daga baya ma na ga irinta sak a hannun wani alhajin Turkiyya da wani suna dabam. Abin da ba ya rabuwa biyu ni ne. Ɗanlami ba zai iya ba sai da ni a Kano, Ammu yana so na a Jidda. Na zo gida na faɗa, don ban iya ɓoye abu ba. Ɗanlami ya ce tarko ne, Balarabe ba ya ba ka abu sai ya ɗaure ka da shi. Mahaifiyarku ta ce ita dai an riga an gaya wa Inna. Ni kaina zuciyata Kano take, ina son in tsaya a shago in ce nawa ne ko sau ɗaya a rayuwata. Na yanke cewa tafiya za mu yi, na fara neman bakin da zan gaya wa Ammu, kullum in je da niyya in dawo ban faɗa ba.

Sadiƙu, daga nan maganar taka ce, kuma mahaifiyarka ta sa na yi alkawarin ba za ka ji ta ba tana raye. Kana da shekara huɗu lokacin. Mun san kana yawan ciwo, mun ɗauka shawara ce ko sanyin ƙashi, ana ta jiƙe-jiƙe. Ana saura 'yan makonni mu miƙa kanmu tarhil ciwon ya taso maka yadda bai taɓa ba. Hannuwanka suka kumbura, idonka ya yi ɗorawa, in an taɓa ka sai ihu. Muka ɗauke ka da rana tsaka zuwa babban asibiti, mai gadi ya ce takardar yaro, muka juyo. Muka je wani, haka. A ƙarshe wani likita ɗan Sudan mai ƙaramin asibitin kuɗi ya karɓe ka ta ƙofar baya, ya ƙara maka ruwa, ya gwada jininka. Shi ya fara gaya mana sunan ciwon, sikila. Ya ce zai riƙa dawowa, wani lokaci sai an ƙara jini, kuma abin da kake bukata babban asibiti ne da zai riƙe fayil ɗinka ya san ka. Mahaifiyarka ta tambaye shi ko yaro irinka zai jure zaman tarhil. Ya dube ta, ya ce shi dai ba zai kai nasa ba. Alhazan da suka zo a shekarar kuma kowa labari ɗaya yake kawowa, cewa a gida asibiti sai dai a rubuta maka magani ka fita nema.

Da ka samu sauƙi muka dawo da kai, ka yi barci a cinyarta. Ana kiran la'asar, zafi ya cika ɗakin, fanka tana ta ƙara ba iska. Tana kallon bango ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Malam, gobe ka je ka ce wa Balaraben nan ka yarda."

"Inna fa?"

"Inna ta haife ni ta raine ni, ta gama nata. Wannan ni aka ba."

"In takarda ta fito ai sai ki je ki dawo."

"In ta fito." Ta gyara maka kwanciya. "Kuma kada yaron nan ya taɓa jin cewa saboda shi ne. Ka ce kai ka fasa."

Haka na ce. Na je Bab Makka na sami Ɗanlami na ce na fasa, Ammu ya yi mini tayin da ya fi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya biyo ni har gida, ya tsaya a ƙofa ya ƙi shiga, ya kira ƙanwarsa da sunanta da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo.

"Kin ji abin da mijinki ya yi? Ya sayar da mu don a rubuta masa fasaha a takarda! Tashi ki ɗauko yaranki mu tafi, ki bar shi da Balarabensa."

"Yaya, inda yake nan nake."

"Me zan ce wa Inna? Na ce mata kina tafe!"

"Ka kai mata bargon. Ka ce ina nan zuwa."

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, ta yi mini wani kallo, na rufe. Da ya ji dalilin da ya huce, na sani, amma Ɗanlami ba ya riƙe magana, da kafin shekara duk Malumfashi da Karantina sun san cewa saboda Sadiƙu ne, kai ma da ka tashi da shi a kunnenka. Ya ɗauki bargon ya tafi. Bayan Hajji ya koma gida, bai sake aiko mana da ko gaisuwa ba har ya rasu.

Ammu Siraj ya cika alkawari, sai dai takarda ba ta san sauri ba. Aka yi ta kai da kawowa, yau a ce hoto, gobe a ce shaidar aure, jibi a ce mai sa hannu ya tafi hutu. Kafin ta fito Inna ta rasu, wani alhaji ya kawo labarin tare da kaset ɗin da ba ta ƙarasa ɗauka ba. Mahaifiyarku ta yi kuka irin wanda ban taɓa ji ba, ni kuma na ji na tsani kaina da shagon da garin baki ɗaya, duk da na san ba ni na yanke ba. Ranar da na kawo mata iƙamarta na ce to yanzu sai ki shirya ki je, ta juya ta gaba da baya ta ce, "Wa zan je in gani?" Ba ta taɓa zuwa ba. Amma da wannan takardar aka buɗe maka fayil, Sadiƙu, da ita Ummi ta shiga makaranta, kai kuma Nura a asibiti aka haife ka kamar ɗan gata. Duk daren da ka kwana a gadon asibiti tana zaune a gefenka tana yi maka tatsuniya, ban taɓa jin ta yi da-na-sani ba.

Kwamfutar Ammu kuwa, mai sunan gidansu, ta yi kasuwa shekara biyu ko uku, na gyara su har na gaji da ganinsu. Daga nan manyan kwamfutoci na ofis suka shigo, yara suka koma wasu wasannin, masana'antar Taiwan ta daina amsa wasiƙa. Ragowar ya sayar wa masu gwangwan. Har mai tashen nan da kowa ke rububi ta ɓace. Da mun je Kano wataƙila haka tamu za ta ƙare, wataƙila kuma a'a, na daina wannan lissafin don ba ya kai ni ko'ina sai bakin taga.

Samfurin na ɗauka mahaifiyarku ta daɗe da zubar da shi, don ban sake ganinsa ba, ban kuma tambaya ba. Sai da aka zo rusau, aka shafa wa gidajen Karantina jan fenti aka ce kowa ya kwashe, shekara biyu bayan rasuwarta, kuka ja tsohuwar adakarta ku fitar, gindin ya ɓalle. Ga kwamfutar nan a ƙasan zannuwa, a naɗe cikin zanen da ta saya don ta je gida da shi. Farin ya koma ruwan ƙwai, amma jan rubutun yana nan, gefen harafin farko ya ɗan goge saboda yawan shafawa. Kun yi ta murna kuna ɗaukar hoto, ni na fita waje na tsaya cikin ƙurar katafila don kada ku ga fuskata.

Baturen ya ce zai saya. Ba ta sayarwa ba ce. Ta Sadiƙu ce, ya zo ya ɗauka in ya gama karanta wannan, kuma kada ya zo mini da kuka, uwarsa ba ta yi don a yi kuka ba. Ku kuma goge abin da kuka rubuta a kan Ammu Siraj, mutumin yana kabari.

Jiya Nura ya zo da wayarsa, ya zauna a bakin gado yana sosa ƙeya, da Hausarsa da ke tafiya da sanda.

"Abuya, mutumin ya sake aiko. Ya ce tayyib, ba sayarwa, bas yana so ya rubuta a littafinsa. Wane kamfani, a wane gari, kuma yaya ake faɗin sunan. Yana so da murya."

"To faɗa masa mana."

"Ni? Sunan Mama? Wallahi ba zan iya ba, aib ne. Kai ka faɗa."

Na dube shi. Ko a asibiti ranar da ta cika, da suka tambayi sunanta, iƙamarta na miƙa musu. Nura ya danna wayar ya kawo ta kusa da bakina, ya jira har ya fara sauke hannu. Sai na riƙe hannun.

"Rakiya," na ce. "Ba kamfani ba ne. Matata ce, 'yar Malumfashi. Tana nan kwance a Jidda."

Ya saurara, ya ce muryata ta yi ƙasa, farkon bai fito ba. Na gyara zama na sake faɗa.